Furosesa ya maƙale a 0.79 GHz: tambayoyi da amsoshi ga masu kwamfutar tebur

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40 da rana, akwai matsalar da ake yawan kawo mana shagon gyara. Kwamfutar tebur tana kunnuwa lafiya, ba ta nuna wani kuskure, amma komai nata ya yi nauyi, buɗe Word ma sai an zauna jira. In aka duba sai a tarar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin kwamfuta, wanda ya kamata ya yi gudun 3.2 GHz (ma'aunin gudunsa ke nan), ya tsaya cak a 0.79. Masu shagunan buga takardu da masu wankin hoto su ne suka fi shan wahalarta, domin kowace daƙiƙa ta jira mutum ne a tsaye a gabansu.

Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kai. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: da wuya furosesa ya lalace ta wannan hanya. Umarni aka ba shi ya rage gudu, aikinmu shi ne gano wanda ya ba shi umarnin, da kuma ko yana da gaskiya.

Ta yaya zan tabbatar gudun furosesa ne ya faɗi, ba wani abu dabam ba?

Danna Ctrl da Shift da Esc tare. In Windows ɗinka ta Faransanci ce, kamar yawancin na nan, za ka ga Gestionnaire des tâches. In ta Turanci ce, Task Manager. Shiga Performances, ka zaɓi Processeur. Lambobi biyu za ka kalla: Vitesse, wato gudun da yake yi yanzu, da Vitesse de base, wato gudun tushe, wanda kamfani ya rubuta masa. A ta Faransanci da waƙafi ake rubuta lambar, 0,79 GHz, duk abu ɗaya ne.

Kada ka tsaya nan. Sauko da CPU-Z, manhajar duba furosesa, kyauta ce kuma ba ta da nauyi, ka shiga Bench ka danna Stress CPU. Wannan zai ɗora wa furosesa aiki iya ƙarfinsa. In lambar ta yi tsalle zuwa 3 GHz ko sama, furosesanka lafiya lau yake, nauyin daga wani wuri ne. Sau da yawa tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) ne mai juyawa, za ka gan shi a maƙale a kashi 100, ko kuma RAM, wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi yanzu, 4 GB ce kawai ake so ta ɗauki Windows 10 da Chrome da Photoshop lokaci guda. In kuwa aikin ya kai kashi 100 amma gudun bai motsa daga 0.79 ba, to kai nake rubuta wa wannan shafi.

Ina ganin 0.79, amma da na buɗe wani abu sai ya hau. Wannan matsala ce?

A'a. Haka aka gina shi, kamar babur ne a tsaye yana silo, sai an murɗa yake tashi. Cikin kamfanonin da ke ƙera furosesa, Intel na kiran tsarin SpeedStep, AMD kuma Cool'n'Quiet. Yana rage cin wuta da zafi, kada ka kashe shi.

Me ya sa kullum wannan lambar ce, ba wata ba?

Gudun furosesa lissafi ne na ninki. Akwai bugun tushe na 100 MHz, sai lambar da ake ninka shi da ita. Core i5-4570, wanda ke cikin kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwanninmu, yana ninkawa da 32 ya ba da 3.2 GHz, in aiki ya matsa ya kai 36. Mafi ƙarancin ninkinsa 8 ne, wato 800 MHz. Bugun tushen kan gaza 100 da ɗan kaɗan, shi ya sa Windows ke nuna 0.79 maimakon 0.80.

Na zamanin da ya gabace shi, kamar i5-2400 da i5-3470, ƙasansu 16 ne, saboda haka su a 1.59 ko 1.60 GHz suke maƙalewa. Wannan ya fi saurin ruɗa mutum, domin kwamfutar tana ɗan motsi, mai ita sai ya ce tsufa ne kawai, ya yi ta haƙuri da rabin abin da ya biya.

Me zan fara gwadawa kafin in ɗauki sukudireba?

Fara da kashe ta na gaske. Windows 10 da 11 suna da wani tsari na saurin tashi wanda ke sa kashewar ba ta zama cikakka. Kashe ta, zare wayar wuta daga bango, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka mayar ka kunna. In ɗaukewar wuta ce ta rikita wani ɓangare na madabod, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai, wannan kaɗai yakan warware ta.

Sai tsarin wuta na Windows. Danna maɓallin Windows da R, rubuta powercfg.cpl. Zaɓi Utilisation normale, ko Balanced a Turanci. Shiga saitin ci-gaba na tsarin, nemo Gestion de l'alimentation du processeur, ka duba État maximal du processeur. Dole ya zama 100. Na sha tarar da shi a 30 ko ma ƙasa, wani ya rage shi don fanka ta daina ƙara, ko wata manhajar “ƙara gudu” ta taɓa shi. Ko 99 ma yana da illa, domin yana hana furosesa hawa sama da gudun tushensa. In ba ka son bin lungunan nan, buɗe Invite de commandes, tagar rubuta umarni, da ikon mai gudanarwa, ka rubuta powercfg -restoredefaultschemes, komai zai koma yadda ya zo.

An ce mini zafi ne. Yaya zan gane gaskiyar haka?

Ka auna. Taɓa jikin akwatin da hannu ba awo ba ne. Sauko da manhajar auna zafi, HWiNFO ko Core Temp, ka bar ta a buɗe, sannan ka sake kunna Stress CPU. Yawancin na Intel suna fara kare kansu a wajen digiri 100, yawancin Ryzen na AMD kuma a wajen 90 zuwa 95.

Zafi yana da halinsa da ake gane shi. Kwamfutar takan fara da gudu da safe, bayan wasu mintuna na aiki sai fanka ta fara ihu, zafin ya kai iyaka, gudun ya riƙa sauka yana hawa. Da azahar abin ya fi muni. In ka ga digiri 95 zuwa 100 a kan allo, ba sai ka nemi wani dalili ba.

Amma in tun daga kunnawa, da sanyin asuba, gudun yana 0.79 bai motsa ba, zafin kuma 40 ko 50 ne kawai, to ba zafin furosesa ba ne. Bambancin nan shi ne rabin gyaran, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa.

To zafin ne. Me zan yi?

Zare wuta, buɗe murfin gefe, ka kalli ƙarfen sanyaya da ke ƙarƙashin fanka. Bayan hunturu guda, ƙurar da ke shiga tsakanin haƙoransa takan dunƙule ta zama kamar bargo, har kana iya ɗago ta da yatsa ta fito a haɗe. Fanka tana juyi, amma iska ba ta ratsawa. Fitar da kwamfutar waje ka hura ta da injin hura iska. Ka danne fankar da yatsa lokacin da kake hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta kashe ta.

Daga nan ka ɗan girgiza ƙarfen sanyayan a hankali. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Irin wanda Intel ke haɗowa da furosesa ƙafafun roba huɗu gare shi da ake dannawa cikin madabod, kuma zafin shekaru yana busar da robar. Ƙafa ɗaya in ta karye ko ta fita, ƙarfen zai ɗaga ta gefe guda da abin da ido ba zai gani ba, amma ya isa ya kai furosesa digiri 100 cikin daƙiƙu. Kwamfutar da ta sha hanya daga Duwala ko Kano a bayan mota, wannan nake fara dubawa a jikinta.

In ka cire ƙarfen, dole ka canza man da ke tsakaninsa da furosesa. Tsohon za ka same shi ya bushe yana ɓarɓashi. Goge shi tas da ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit, ka ɗiga sabo a tsakiya kamar girman ƙwayar wake ƙarama, ka mayar da ƙarfen ka danne ƙafafun biyu-biyu masu kallon juna. Don Allah kada a sa man goge baki ko girisin mota. Ina ganin ana yi, kuma gyaran gangar auzinawa ne: yau zafin ya ɗan sauka, mako mai zuwa ya fi da.

Sannan wurin ajiya. Kwamfuta a ƙasa, a kan siminti, bayanta manne da bango, an kuma lulluɓe ta da zane don kare ƙura alhali tana aiki, ba za ta yi numfashi ba. Ɗora ta a kan tebur, ka bar mata tazarar tafin hannu ko fiye a baya. Zanen kuma sai bayan an kashe ta.

Zafin digiri 45 ne kawai, na yi duk na sama, har yanzu 0.79. Saura me?

Nan ne gizo ke saƙa. Furosesan Intel yana da wata hanyar sigina mai suna PROCHOT. In ya yi zafi, ta nan yake sanar da madabod. Amma hanyar tana aiki ta ɓangare biyu, shi ya sa ake ce mata BD PROCHOT: madabod ma tana iya aiko masa da saƙo cewa wani abu a jikinta ya yi zafi, ya rage gudu. Shi kuma ba ya tambayar dalili. Da saƙon ya iso zai sauka zuwa mafi ƙarancin ninki, ya zauna nan har sai an janye.

Su wa ke aiko da saƙon? Yawanci ɓangaren da ke rage wuta daga volt 12 zuwa ɗan abin da furosesa ke sha, wato ƙananan baƙaƙen kayan nan da ke jere kewaye da gidansa, waɗanda ake kira VRM. Wani lokaci da gaske sun yi zafi. Wani lokaci kuma na'urar auna zafinsu ce ta mutu, tana ta kururuwar gobara babu hayaƙi.

Don ka gani da idonka, sauko da manhajar ThrottleStop daga shafin TechPowerUp. Buɗe ta ka danna Limits. Ja yana nufin abin da ke danne furosesa a yanzu, ruwan ɗorawa kuma abin da ya taɓa danne shi a baya. In BD PROCHOT ya yi ja, ka kama mai ba da umarnin. In THERMAL ne, koma maganar zafi. In PL1 ko PL2 ne, iyakar wutar da aka yarje masa ce aka ƙuntata, sai a duba BIOS, wato saitin madabod da ake shiga kafin Windows ta tashi. A babban shafin manhajar akwai ɗan akwati mai suna BD PROCHOT. Da ka cire alamar da ke ciki, in shi ne, a take za ka ga gudun ya tashi daga 800 MHz zuwa sama da 3000.

Ke nan ThrottleStop ta gyara mini? Babu haɗari?

Ba ta gyara ba, ta toshe wa furosesa kunne ne. Kariyarsa ta kansa tana nan, in ya kai iyakar zafinsa zai rage gudu kamar kullum. Abin da ka cire shi ne damar da sauran kayan madabod ke da ita ta neman sauƙi. In na'urar awon ce ke ƙarya, ba ka yi asarar komai ba. In kuwa gaskiya take faɗi, VRM zai ci gaba da gasuwa har ya ƙone, kuma yana iya tafiya da furosesan.

Shi ya sa ba na cire alamar nan sai na buɗe jikin kwamfutar na duba. Ina neman kafasito, wato ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan madabod, da ya kumbura a sama ko ya zubar da wani abu mai launin tsatsa. Ina duba allon madabod kusa da furosesa ko ya sauya launi ya yi duhu. Ina zare wayar nan mai baki 4 ko 8 da ke kai wa furosesa wuta, in ga ko robarta ta yi baƙi ko ta narke. In HWiNFO tana nuna zafin VRM a wannan madabod, ina kallonsa ana cikin aiki. Sai duk waɗannan sun fito da tsabta nake yarda cewa awon ne ya lalace.

A ganina, ga mai shagon da ba shi da kuɗin wata madabod a yanzu, wannan hanya ce mai kyau, kuma na ga kwamfutocin da suka daɗe suna aiki a haka. Amma mai gyara ya gaya wa mai kaya gaskiyar abin da ya yi. Kada ka ɓoye manhaja a cikin kwamfutar bawan Allah ka karɓi kuɗin canza kaya. Ranar da aka sake mata Windows matsalar za ta dawo, domin saitin ba ya zama, dole manhajar ta tashi duk lokacin da aka kunna. Ana shirya hakan a Planificateur de tâches, wurin da Windows ke tsara ayyukan da za su tashi da kansu. Ka sani kuma, a wasu sababbin kwamfutoci an kulle ɗan akwatin BD PROCHOT ɗin, ba ya taɓuwa.

Tawa ƙaramar nan ce mai amfani da caja irin ta laftof. Da bambanci?

Sosai ma, kuma a irinsu cajar nake fara zargi. Ina nufin su Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini, da Lenovo ThinkCentre Tiny. Cajar Dell mai zagayen baki tana da siririyar allura a tsakiya, ta nan take gaya wa kwamfuta ƙarfinta, watt 65 ne ko 90 ko 130. In allurar ta lanƙwashe, ko wayarta ta tsinke a ciki, ko cajar jabu ce, kwamfutar za ta kunnu, amma tunda ba ta san ƙarfin abin da aka ba ta ba sai ta danne furosesa don kada ta ja fiye da ƙima. Sau da yawa tana faɗin haka a rubuce lokacin tashi, mutane su danna F1 su wuce ba su karanta ba.

Leƙa bakin cajar da tocila. Sannan ka ari ta asali mai ƙarfin da ya dace ka gwada kafin ka saya. A kasuwa kayan nan sukan zo dabam, cajojin dabam, mai sayarwa ya haɗa maka da duk wadda bakinta ya shiga.

Ɗaukewar wuta ko janareta na iya jawo wannan?

Ƙarancin wuta shi kaɗai yakan sa babbar kwamfutar tebur ta mutu ko ta sake tashi, ba ya sa ta tafiya a hankali. Ɓarnar tana zuwa ne ta bayan gida: wutar da ta dawo da ƙarfi, ko tsawar farkon damina, ko janareta mai hawa da sauka, su ne ke raunata akwatin wutar kwamfuta da ƙananan kayan madabod, har na'urorin awon da muka ambata. In matsalar ta fara ne daidai bayan irin wannan, gwada wani akwatin wutar da ka san lafiyarsa. Kada ka buɗe cikin akwatin wutar kansa, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi.

Wani abin lura ga kayan da suka fito daga Amurka: tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Wutarmu 220 ce, dole ya zauna a 230.

BIOS fa?

Shiga da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, ko Del a yawancin waɗanda aka harhaɗa. Zaɓi mayar da saiti na asali, ka adana ka fita. Tabbatar SpeedStep da Turbo Boost, mai barin furosesa ya haura gudun tushensa, a kunne suke, domin a wasu kwamfutoci kashe SpeedStep yana ajiye furosesa a ƙasa ne. In kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, ɗan batirin madabod ya ƙare. CR2032 ne, volt 3, masu gyaran agogo ma suna sayarwa.

In BIOS ɗin kanta tana nuna gudun yanzu 800 MHz kuma har motsin cikinta yana jan ƙafa, ka ƙara samun hujjar cewa ba Windows ba ce. Sabunta BIOS yakan magance wasu, amma kada ka fara shi sai da batirin riƙe wuta a haɗe. In wuta ta ɗauke a tsakiya, madabod ɗin tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Wasu madabod na masu wasanni, na MSI da ASUS, suna da ɗan maɓalli a jikinsu mai suna Slow Mode. Ba su da yawa a nan, amma in irinta gare ka, duba ko an ture shi.

Ba gara in sake mata Windows in huta ba?

Wannan ne abin da aka fi gaggawar yi, kuma shi ya fi ɓata mini rai, domin ana goge wa mutane hotunan biki da takardun makaranta a banza. Akwai gwajin da ba ya goge komai. Sa Ubuntu, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a filash, ka tayar da kwamfutar daga kai ba tare da ka girka ba, buɗe bidiyo ko wani aiki mai nauyi, sannan a Terminal, tagar rubuta umarni ta Ubuntu, ka rubuta grep MHz /proc/cpuinfo. In can ma 800 ne, ko sau goma ka sake Windows ba abin da zai sauya. In can yana gudu, sai a dawo a binciki Windows, a fara da cire manhajojin “ƙara gudu” da na rage cin wuta.

Na ga bidiyo ana cewa a canza intelppm zuwa 4, ko a ƙara yawan furosesa a msconfig.

Na msconfig, wato shafin saitin tashin Windows, ba shi da alaƙa da gudu ko kaɗan, bar ɗan akwatin yawan furosesa da ke can babu alama. Na intelppm kuma kashe direba ne, wato ƙaramar manhajar da Windows ke sarrafa furosesa da ita. Bayan an yi, Gestionnaire des tâches yakan nuna lamba mai kyau, mutum ya yi murna. Buɗe CPU-Z ka ga ainihin gudun kafin ka yarda. In madabod ce ke aiko da umarnin, yana nan inda yake.

Tawa AMD ce.

Hanyar binciken ɗaya ce, lambobin ne suka bambanta. Ryzen yakan maƙale a wajen 0.54 ko 0.55 GHz. Tsofaffin FX, kamar FX-8350 mai cin watt 125, sukan faɗo 1.4 GHz in an ɗora su a kan madabod mai raunin VRM, kuma ɗaura ƙaramar fanka tana hura wurin yakan taimaka ƙwarai. ThrottleStop ta Intel ce kawai. A AMD da HWiNFO za ka duba, ka nemi layin PROCHOT EXT, in ya ce Yes to daga madabod saƙon yake.

Zan sayi ta hannu. Yaya zan kauce wa wadda ke da wannan ciwo?

Je da filash ɗinka mai CPU-Z da Core Temp, duka biyun suna da nau'in da ba sai an girka ba. Ka roƙi mai shagon ya kunna maka ita, ka sa Stress CPU na minti 10 kana kallo. Gudun ya tsaya a kan na tushe ko sama da shi tun daga farko har ƙarshe, zafin kuma kada ya kusanci 90. Leƙa gefen agogo da Planificateur de tâches ko an ɓoye ThrottleStop tana tashi da kanta. In ƙaramar mai caja ce, a gwada ta da cajar da za a ba ka, ba wadda ke kan teburin shagon ba. In mai kayan ya ce babu wuta ko babu lokacin gwaji, ka ce masa, “Alhaji, ba komai, zan dawo in an kawo wuta,” kuɗinka kuma ya kwana a aljihunka.